Taswira da Sawu: Sharhi a kan Fasahar Zana Gari, da Misali daga Ƙetaren Kogin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga mota a Babbar Kasuwar Kaduna ya nufi Kakuri ko Sabon Tasha, tilas ne ya hau gada. Tafiyar gajeruwa ce, amma tun daga shekarar 2000 mutanen garin sun san cewa wanda ya hau gadar nan ba ruwa kaɗai ya ƙetare ba. Akwai gefen da mutum yake kwana da kwanciyar rai, akwai kuma gefen da yake gaggawar barinsa idan ya ji ƙishin-ƙishin. Wannan sani yana cikin kan direba da ɗan kamasho da mai sayar da tumatir, amma babu wata taswirar hukuma da ta nuna shi.

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 wasu masu fasaha, watau masu zane da masu ɗaukar hoto da majigi da sauti, suka mai da tafiya da taswira kayan aikinsu, kamar yadda mawaƙi yake aiki da kalma da kari. Maimakon su zana sura a allo, sai su taka gari da ƙafa, ko su bi hanya da mota, ko su miƙa wa matafiyi alƙalami ya zana inda ya bi. Manufar wannan maƙala ita ce ta feɗe huɗu daga cikin irin waɗannan ayyuka, ta auna su da halin da unguwannin kudancin Kogin Kaduna suke ciki. Ma'aunin da za a yi amfani da shi tambayoyi uku ne: wa ya yi tafiyar, wa yake riƙe da alƙalamin, kuma don wa aka yi taswirar? Kafin a kai ga haka, ya kamata a fara duba abin da Bahaushe ya gada game da zana ƙasa, sa'an nan a duba yadda aka zana Kaduna a takarda.

2.0 Taswira da sawu a al'adar Bahaushe

Kalmar "taswira" aro ce daga Larabci, kuma tushenta ɗaya ne da na "sura". Wannan bai nuna cewa Bahaushe bai san ƙasa ba sai da ya ga takarda. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro suna da taswirarsu, amma a ka take. Madugu yana lissafa hanya zango zango: daga gari kaza zuwa gari kaza kwana nawa ne, ina ake samun ruwa, ina ake biyan fito, wane sarki ne yake karɓar gaisuwa, wane daji ne ba a kwana a cikinsa. Irin wannan taswira ba ta auna nisa da mil. Tana auna shi da gajiya da guzuri da haɗari. Ita ce za a kira "taswirar sawu" a wannan maƙala, don a bambanta ta da ta safiyo, wadda take kallon ƙasa daga sama kamar yadda shaho yake kallonta.

Ko da aka zo ga takarda, sawun bai ɓace ba. A shekarar 1824, lokacin da Baturen nan Clapperton ya sauka Sakkwato, an zana masa taswirar ƙasashen Sudan a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka kuma buga ta a Ingila a 1826. Wanda ya dube ta zai ga garuruwa ne aka jera da sunayensu cikin rubutun Larabci, hanyoyi da koguna suna haɗa su. Tsarinta ya fi kusa da lissafin madugu fiye da awon safiyo. Haka nan labarin Dorugu, yaron da ya bi Barth har Ingila a 1855, wanda Schön ya buga a cikin Magana Hausa a 1885, jerin masaukai ne da abin da aka gani a kowane. Alhaji Abubakar Imam ya bi wannan turba a Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyararsa Ingila a 1943, haka kuma Malam Aminu Kano a Motsi Ya Fi Zama. Ke nan abin da ake kira sabuwar fasaha a ɗakunan nuni na Turai yana da dangi na kusa a adabin Hausa, na baka da rubutacce. Wannan ne ya ba mai nazarin Hausa hurumin sa baki a maganar.

3.0 Kaduna a takarda

Kaduna ta bambanta da Kano da Katsina da Zariya ta wajen cewa an zana ta kafin a gina ta. Gbagyi ne mazauna wurin tun asali. Hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano ta ratsa ta nan a 1911, Gwamna Lugga ya zaɓi wurin don zaman soja da na mulki, aka kuma dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Tsarin garin na rarrabewa ne tun ranar farko: unguwar Turawa daban, barikin soja daban, mazaunin baƙaƙen fata daban, da fili na yadi 440 da doka ta ce a bari babu gini tsakanin Bature da ɗan ƙasa. Ƙetaren kogi kuwa rabon reluwe ne. A can aka kafa tashar Kaduna Junction, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya haɗu da na Ikko a 1927.

Sa'an nan masana'antu suka biyo jirgi. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, a Kakuri a 1957, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, tare da ma'aikatar makamai ta DICON a 1964, kana kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Dubban samari suka kwararo daga kudancin Zazzau da Binuwai da Filato da Kano da Katsina da ƙasar Nufe, suka kama hayar ɗakuna a Kakuri da Makera da Nasarawa. Jiniyar masaƙa ita ce agogon unguwa, kuma ba ta tambayar addinin wanda ta tasa daga barci.

Babbar taswirar wannan zamani ita ce littafin da Max Lock da abokan aikinsa suka shirya wa Gwamnatin Jihar Arewa, wanda kamfanin Faber and Faber ya buga a 1967 da sunan Kaduna 1917, 1967, 2017. Sunan kansa alkawari ne: shekara 50 da suka wuce, da shekara 50 masu zuwa. Dole a yaba wa Lock, domin bai tsaya ga awon ƙasa ba. Ya sa an shiga gidaje an tambayi mutane aikinsu da asalinsu da yawan masu kwana a ɗaki, a lokacin da ƙidayar 1963 ta ba garin mutum wajen dubu 150. Duk da haka littafin ya gamu da abin da kowace taswirar hukuma take gamuwa da shi, watau ta ɗauka cewa wanda ya sa a zana ta zai dawwama. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966. A watan Mayu na 1967, shekarar da littafin ya fito, aka rushe Jihar Arewa aka raba Nijeriya jihohi 12. Da shekarar 2017 ta zo aka yi bikin cikar garin shekara 100 da hawan daba, KTL ta shekara 15 a rufe.

4.0 Abin da takarda ba ta ɗauka ba

Abu biyu ne suka sake fasalin ƙetaren kogi, kuma kusan tare suka zo. Na farko shi ne mutuwar masaƙu. KTL ta tsaya a 2002 ba tare da an biya ma'aikatanta haƙƙinsu na barin aiki ba, UNTL ta tsaya a 2007, wasu kuma suka rufe a tsakanin haka. Na biyu shi ne rikicin addini. A watan Fabrairu da na Mayu na 2000 aka yi kashe-kashe a kan batun shari'a, inda hukumar binciken da gwamnatin jihar ta kafa ta ƙidaya mamata 1,295, wasu masu bincike kuwa suka ce adadin ya zarce haka. Aka sake yi a Nuwamba 2002, aka kuma a Afrilu 2011 bayan zaɓe. Bayan kowane tashin hankali sai a ga motocin ɗaukar kaya a kan gada: Musulmi suna komawa arewa, Kirista suna komawa kudu, ana sayar da gidaje da araha ko a yi musanyarsu. Har ta kai wasu suna yi wa gefen arewa laƙabi da Makka, na kudu kuma Ƙudus.

Wani masanin tsara birane na Amurka, Kevin Lynch, ya nuna a littafinsa na 1960, The Image of the City, cewa mazauna gari suna riƙe surarsa a ka ta hanyar abu biyar: hanya, da iyaka, da unguwa, da mahaɗa, da alama. Ya gano haka ne ta roƙon mutanen Boston da wasu birane biyu su zana garinsu da ka. Idan aka bi wannan rabo, za a ce abin da ya faru a Kaduna shi ne kogin ya tashi daga zama alama ya zama iyaka, ƙofar masaƙa kuma ta daina zama mahaɗa. A takarda babu layin da ya gusa. Hasali ma taswirar mulki ɓatar da mai karatu take yi, domin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedkwata a Makera, ta haɗa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da suke ɗaya gefen kogin, alhali Sabon Tasha da Narayi da Nasarawa suna cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Wannan giɓi da yake tsakanin takarda da zuciya shi ne filin da masu fasahar taswira suke da'awar nasu ne. Saura a ga ko sun cika shi.

5.0 Ayyuka huɗu a kan ma'auni

5.1 Koren layi

Francis Alÿs, haifaffen Beljiyam mazaunin birnin Meziko, ya yi aikin da ya kira The Green Line, watau koren layi, a Birnin Ƙudus a 2004. Asalin layin shi ne wanda Moshe Dayan ya ja da koren fensir a kan taswira a 1948, lokacin da aka tsagaita wuta tsakanin Isra'ila da Jodan. Alÿs ya huda gwangwanin koren fenti, ya riƙe shi a hannu, ya bi layin da ƙafa tsawon kilomita 24 cikin kwana biyu, fentin yana ɗiga a bayansa, ana ɗaukarsa a majigi. Daga baya ya nuna hoton ga mutum 11, Falasɗinawa da Isra'ilawa da wasunsu, ya ɗora muryoyinsu a kai, har da na masu sukarsa.

Ƙarfin aikin a fili yake. Ya mai da layin takarda abin da ido yake gani a kan kwalta, ya nuna cewa iyakar da ake mutuwa a kanta wani ne ya ja ta da hannu a rana ɗaya, kuma siririn fentin da ƙafa take gogewa ya fi kowace lacca bayyana rauninta. Amma idan aka ɗora shi a kan ma'auni sai a ga tawaya. Wanda ya yi tafiyar baƙo ne mai fasfo na Turai, ya wuce shingen soja ba wanda ya tare shi, alhali mazaunin wurin ba zai iya haka ba. Alƙalamin a hannunsa yake, masu gari kuwa sharhi kawai aka ba su bayan an gama.

Ga Kaduna, aibin ya fi haka girma. Da wani zai kwaikwayi wannan salo ya ɗiga fenti a bakin kogi, da ya yi wa garin ƙazafi. Har yanzu akwai Musulmi da masallatansu a Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Tirkaniya, akwai kuma Kirista da majami'unsu a arewacin kogin, kuma kullum safiya dubban mutane suna hawa gada zuwa ofis da kasuwa da makaranta. Layi ɗaya zai gaskata laƙabin Makka da Ƙudus, ya shafe waɗanda suka ƙi tashi, alhali su ne suka fi cancanta a zana.

5.2 Hannu da alƙalami

Bouchra Khalili, haifaffiyar Kasabalanka ta ƙasar Maroko, ta yi The Mapping Journey Project tsakanin 2008 da 2011. Gajerun majigi ne guda takwas. A kowane ba a ganin komai sai taswira shimfiɗe da hannun mutum riƙe da alƙalami. Mai hannun, wanda ya bar ƙasarsa ba da cikakkun takardu ba, yana ba da labarin tafiyarsa da bakinsa, yana jan layi daga gari zuwa gari: inda aka tsare shi, inda aka mai da shi baya, inda ya zauna shekara yana tara kuɗin mota. Ba a nuna fuskarsa, ba kiɗa, ba mai fassara halinsa. An nuna aikin a gidan kayan fasaha na MoMA a New York a 2016, da kuma babban nunin Venice a 2024.

A cikin ayyukan huɗu wannan ne ya fi nauyi a ma'auni, domin tambaya ta farko da ta biyu amsarsu ɗaya ce: wanda ya yi tafiyar shi ne mai alƙalamin. Ta fuskar salo kuma, tawadar da take kai da komowa a kan tsararriyar taswirar hukuma ita ce jigon baki ɗaya, ba a bukatar wani ƙarin bayani. Ɓoye fuska yana kare mai magana, yana kuma hana mai kallo ya tsaya ga tausayi ya bar sauraro. Duk wanda ya san lissafin madugu zai gane zubin nan take: suna, kwana, haɗari, sai suna na gaba.

Inda aikin ya gaza shi ne tambaya ta uku. Masu kallonsa galibi mazauna ƙasashen da suka rufe wa matafiyan ƙofa ne, maƙwabtan da suka baro kuwa da wuya su gan shi. Bugu da ƙari, taswirorin Khalili galibi na ƙasashe da teku ne, hijirar Kaduna kuwa ta 'yan kilomitoci ce. A ɗauka an shimfiɗa wa wani tsohon ma'aikacin masaƙa taswirar garin, aka ba shi alƙalami. Layinsa zai taso daga ƙauyensu ya sauka tashar jirgi, ya shiga ɗakin haya a Kakuri, ya yi shekara 20 yana kai da komowa tsakanin ɗakin da ƙofar masaƙa, sa'an nan a dare ɗaya ya tsallaka gada ko ya gangara Sabon Tasha, bai sake komawa tsohon layinsu ba ko da gaisuwar mutuwa. Tazarar ba ta kai a kira ta tafiya ba a idon safiyo, amma ta raba shi da maƙwabtan da suka yi masa sunan 'ya'yansa. Salon Khalili zai iya ɗaukar wannan labari, muddin aka sauya ma'aunin taswirar daga na ƙasa zuwa na lungu.

5.3 Ayarin masu hoto

A 2009 mai ɗaukar hoto Emeka Okereke ya kafa ƙungiyar Invisible Borders, ma'ana iyakokin da ba a gani. Shi da abokansa suka tashi daga Ikko a mota zuwa Bamako don halartar bikin hotuna na can, maimakon su hau jirgin sama. Daga nan abin ya zama al'ada: Dakar a 2010, Adis Ababa a 2011, har Sarajevo a 2014. An gayyace su nunin Venice na 2015 wanda Okwui Enwezor ya shirya, a 2016 kuma suka juyo cikin Nijeriya da tafiyar da suka kira Borders Within. Littafin Emmanuel Iduma na 2018, A Stranger's Pose, ya samo yawancin kayansa daga irin waɗannan tafiye-tafiye.

Wannan ayari ne a ma'anar da Bahaushe ya sani, kuma abin yabo ne cewa 'yan Afirka ne suke kallon Afirka daga ƙasa, suna shan wahalar kan iyaka da ta ɗan sanda da ta lalacewar mota kamar kowa. Wahalar hanya ta zama wani ɓangare na aikin. Sai dai ayari ba ya daɗewa a zango. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Wanda ya kwana biyu a gari zai ɗauki hoton rufaffiyar ƙofar masaƙa da ciyawar da ta fito a harabarta, hoton kuma zai yi kyau, amma kyansa na kufai ne. Ba zai san wace mai abinci ce ta yi shekaru tana ba ma'aikata bashi a bakin ƙofar ba, balle ya san inda ta koma. Daɗin daɗawa, rubutun da yake rakiyar hotunan da Ingilishi ake yinsa, don haka mutanen da aka ɗauka su ne na ƙarshen karantawa.

5.4 Taswirar kunne

Emeka Ogboh, haifaffen Inugu, ya ɗauki wata hanya dabam. A jerin aikinsa na Lagos Soundscapes yana naɗar sautin Ikko, musamman kiran yaran motocin danfo masu jera sunayen unguwanni, sa'an nan ya saki sautin a ɗakin nuni ko a titin wani birni na Turai. Babu hoto, babu layi. Mai sauraro yana gane garin ta sunayen da ake rerawa.

Wannan shi ne ya fi kusa da taswirar Bahaushe ta baka. Ɗan kamashon da yake kiran fasinjan Kakuri da Barnawa da Television da Sabo jikan madugu ne ta wajen sana'a, kuma jerin sunayen da yake kira shi ne taswirar da talaka yake aiki da ita. Sauti kuma yana da wata falala: ba ya tsayawa a iyaka. Kiran salla da ƙararrawar coci suna ƙetare kogi ba su nemi izini ba. Rauninsa shi ne ba ya riƙe abin da ya shuɗe. Na'ura tana naɗar abin da yake ƙara a yau, amma babban abin da ya sami Kakuri shiru ne, watau jiniyar da ta daina busawa. Wannan sai bakin wanda ya taɓa jin ta.

6.0 Harshe a matsayin taswira

Akwai wata taswira da duk ayyukan nan huɗu ba su taɓo ba, ita ce kuwa ta fi shafar masu nazarin harshe. Sunayen unguwannin ƙetaren kogi a jere suke hawa hawa kamar zaman ƙasa a bakin rijiya. Kurmin Gwari da Kakuri Gwari suna tuna masu wurin na asali, ko da yake da sunan da Hausawa suka laƙaba musu, ba da wanda suke kiran kansu ba, watau Gbagyi. Kakuri Hausa tana nuna zuwan baƙi da zamansu gefe guda. Down Quarters ta zamanin reluwe ce, Television ta zamanin na'ura, Unguwan Sunday da Unguwan Romi da Unguwan Boro kuwa ta bunƙasar garin ce zuwa cikin gonaki.

A lura da siffar sunayen. Daidaitacciyar Hausa za ta ce "Sabuwar Tasha", domin "tasha" tamata ce, za ta kuma ce "Unguwar", ba "Unguwan" ba. Amma abin da yake bakin mutane, yake kuma rubuce a jikin motoci, shi ne "Sabon Tasha". Dalili biyu ne suka haɗu: karin harshen Zazzau da ma ba ya tsananta bambancin jinsi, kuma yawancin mazauna wurin, Bajju da Atyap da Ham da Adara da Tibi da Idoma da sauransu, Hausa harshe na biyu ce gare su. Malamin da zai ɗauki jan alƙalami ya gyara wannan suna, shaida ce zai goge. Harafin nan guda yana faɗin wanda ya zauna a wurin.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cewa Hausa ba ta tashi ba lokacin da mutane suka tashi. Da ita ake ciniki a kasuwar Sabo, da ita ake wa'azi da waƙa a majami'u masu yawa na ECWA da HEKAN, kuma tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa. Harshen da ake ɗauka na ɓangare ɗaya ne, shi ne gadar da ba a taɓa rufewa da dokar hana fita ba. Duk aikin taswirar da za a yi a wannan yanki, idan ba da wannan Hausa aka yi shi ba, da karinta da kurakuranta yadda take, to an yi shi ne don wasu. Amma a nan ma akwai jan kunne. Mai zana gari da Hausa yana iya yi wa Gbagyi abin da safiyon Turawa ya yi wa kowa, watau ya rubuta sunansa a kan nasu. Tilas a tambayi dattawansu yadda ake kiran rafi da dutse da kurmi kafin zuwan jirgi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kowane ɗaya daga ayyukan nan ya riƙe wani yanki na gaskiya. Alÿs ya nuna raunin iyaka, amma salonsa zai ƙarfafa ta a garin da rabuwarsa ba ta cika ba. Ayarin Okereke ya dawo da martabar hanya, amma bai zauna ba. Ogboh ya buɗe kunne, amma ga yau kaɗai. Khalili ce ta miƙa alƙalami ga mai shi, ko da yake ta kai sakamakon nesa da gida. Littafin Max Lock kuwa, duk da kyawun niyyarsa da zurfin bincikensa, ya zama shaida cewa taswirar da aka yi don hukuma tana tsufa tare da hukumar.

Aikin da zai dace da ƙetaren Kogin Kaduna shi ne wanda zai amsa tambayoyin nan uku da amsa ɗaya: mazaunin wurin ne ya yi tafiyar, shi ya zana, kuma shi da tsohon maƙwabcinsa na ɗaya gefen ne za su fara gani, a makarantar unguwa ko a harabar tasha, kafin a kai shi wani ɗakin nuni. Kayan aikin ba su fi takarda da alƙalami da na'urar naɗar murya ba. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yake, tafiyar sa'a guda, sassan koyar da Hausa suna da ɗalibai masu neman abin bincike, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa kuma a cikin garin suke. Abin da ba ya jira shi ne masu labarin. Binciken Elisha Renne a kan ma'aikatan KTL ya ginu ne a kan jerin sunayen waɗanda suka mutu suna jiran haƙƙinsu, da hira da matan da suka bari. Saurayin da ya kama aikin masaƙa a 1975 yana ɗan shekara 20, ya cika 70 a 2025. A kansa ne kaɗai ake da taswirar Kakurin da Musulmi da Kirista suke tashi da jiniya ɗaya, suna cin abinci a rumfa ɗaya. Takardun Lugga da na Lock suna nan a ajiye, za a same su ko bayan shekara 100. Tasa kuwa, in ba a karɓa ba, tare za a binne su.